Kwalbar da Na Buɗe a Ankara

Tun da na dawo, duk wanda ya zauna a gabana zan yi masa aski sai ya ce in ba shi labarin Ankara. Ni kuwa ban iya magana da aska a hannu ba. Shekaranjiya saura kaɗan in yanke wa liman kunne ina kwatanta masa faɗin teku. Shi ya sa na ce bari in rubuta da ɗan bokon da na samu a ajin manya, wanda ya iya karatu ya karanta wa saura, a bar ni in yi sana'ata lafiya.

Sunana Sale, wanzami ne ɗan wanzami, a wani ƙauyen fadama gabas da Haɗejiya, wajen Kirikasamma. Mu biyu mahaifinmu ya bari, ni da ƙanena Habu. Ni na riƙe zabira, jakar kayan wanzanci. Habu tun yana saurayi ya bi jirgin ƙasa, daga wannan aiki zuwa wancan, har fatake masu goro suka kawo labarin yana Ankara, can gaba da Gwanja a bakin teku, yana aiki a wata babbar makaranta. Inna, mahaifiyarmu, ta daɗe tana cewa in je in gano shi, ni kuwa kullum da dalilina: yau shuka, gobe kaciyar yara. Gaskiyar magana fushi nake yi don ya bar mini sana'a ni kaɗai, kuma ban kyauta ba. A bana idonta ya rufe, ƙafa ta ƙi. Ta kira ni ta ce ba ta jin za ta ga wata kaka, in je in zo mata da Habu kafin ruwa ya cika fadama ya rufe hanya. Ba ta ɗaga murya ba. Washegari na fara ɗaure kaya.

Lokacin an yi ruwan fari, kogi bai kawo ba tukuna. Na taka zuwa Haɗejiya, na hau mota zuwa tashar Malam Madori. Kayana zabira ne da tabarma da buta, sai ƙullin bandar kifi da Inna ta ce a kai wa Habu. Kifin nan ya yi mini rana a jirgi, don ina ajiye shi mutanen da ke gefena suka matsa, na sami wurin miƙe ƙafa. Mutum ɗaya ne bai matsa ba, wani dattijo mai fataucin goro da ya hau tun daga Birniwa, Alhaji Mamman. Ya shaƙi warin ya ce wannan tarwaɗar fadamarmu ce, ya tambayi inda za ni. Da na faɗa masa sai ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce in na tafi ni kaɗai a Ikko za a sayar da ni, gara in bi shi. Na bi shi, kuma ban yi da-na-sani ba, ko da yake bai rufe baki ba har muka rabu.

A Kano muka tsaya neman takardar tafiya. Aka ɗauke ni hoto, aka ce kuma sai an yi mini lambar rigakafi. Ni da na tsufa ina tsaga fatar mutane ina ce musu ba zafi, da malamin asibiti ya kama dantsena sai ga ni na kau da kai na runtse ido. Alhaji Mamman ya ba duk mutanen masaukinmu wannan labari, kowa ya sami rabonsa.

Daga Kano jirgi ya yi kudu. Abin da na fi lura da shi abincin tasha ne. Da farko fura da nono ake miƙo mana ta taga, can sai fura ta ɓace, doya ta shigo, daga baya sai teba da miyar manja mai barkonon da ke sa mutum ya tuna zunubansa. Da muka hau gadar Kwara na leƙa ƙasa, na ji kunyar yadda muke cika baki da kogin Haɗejiya. Alhaji ya ce in adana mamakina sai na ga teku. A Ikko, a gidan wani Bakano mai saukar baƙi, na sa aka raka ni bakin tekun. Na ɗebo da hannu na kurɓa, don ban yarda ruwa mai yawa haka zai zama duk gishiri ba. Gishiri ne.

Daga Ikko sai babbar mota, kuma dole a ratsa ƙasar Faransa kafin a sake shiga ta Ingilishi. A kan iyaka aka sauke mu, wani ɗan kwastan mai gajeren wando ya zazzage zabirata a kan tebur. Ya jera asake, ya jera ƙahonni, ya sa tafinta ya tambaye ni ko yanka na zo yi musu. Alhaji ya raɗa mini in nuna masa. Na ɗora ƙaho a dantsena, na zuƙe iskar ta ɗan ramin da ke tsininsa, na toshe ramin da kakin zuma da harshena kamar yadda muke yi, na girgiza hannu, ƙaho bai faɗi ba. Mutumin ya ja, ya ji fata na binsa, ya kira abokan aikinsa su ma suka ja. Da dariya aka sallame mu.

Ba mu yi nisa ba na ga direba ya bar hannunsa ya koma ɗaya gefen titi. Na ɗauka barci ya sace shi, na miƙe tsaye ina salati ina dukan allon mota. A nan butata da ke rataye ta suɓuce ta faɗi, motar da ke bayanmu ta bi ta kai. Ashe a ƙasar Faransa hannun dama ake bi, kowa ya sani sai ni. Da muka fita daga ƙasarsu direba ya sake komawa hagu, mutanen mota duk suka juyo suna kallona ko zan sake tashi.

Muka haye wani babban kogi a jirgin fito, mota da mutane gaba ɗaya, muka isa Ankara. Alhaji ya damƙa ni ga mai unguwar zango, wato unguwar Hausawa, shi ya wuce Kumashi. Hausar mutanen zango ta gauraya da wasu harsuna, amma ni suka yi wa dariya, suna tambaya ko ni Babarbare ne. Abincinsu dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake dafawa cikin bawo, a ci da soyayyen kifin teku da niƙaƙƙen barkono. Na saba da shi, amma kifinsu ba shi da maiƙon namu. Na ga ƙarti suna dakan sakwara a tsakar gida, mace na zaune tana juyawa, ba wanda ya ga abin magana. Na kuma iske taro ana kiɗa ana rawa, kowa ya yafa zane a kafaɗa, na tsaya na yi musu Allah ya sanya alheri ya ba da zaman lafiya. Sai daga baya aka gaya mini makoki ne.

Neman Habu bai yi wuya ba, don a zango kowa ya san Habu Gilashi. Makarantar tana bayan gari a kan tudu. Na same shi cikin farar riga har gwiwa, gemunsa ya fara furfura. Tun daga Malam Madori nake shirya faɗan da zan yi masa, amma da ya gan ni ya zube ƙasa a gaban mutane yana cewa Yaya, sai na nemi faɗan na rasa. Na ba shi kifinsa, na gaya masa halin da Inna ke ciki. Ya ajiye kifin a gefe. Sannan ya tashi ya je wurin maigidansa, wani malamin kimiyya da suke kira Dokta. Ya dawo ya ce an ba shi hutu, da sharaɗin ya gama aikin da ke hannunsa. Akwai wata babbar kwalba da suka yi kwana da kwanaki suna zuƙe mata iska da inji, wadda ɗalibai za su yi jarrabawa da ita, kuma saura kaɗan.

Aikin Habu ke nan. Yana narkar da gilashi a wuta ya hura shi, ya haɗa bututu da bututu, ya kula da injin zuƙar iska, duk inda ake tsoron yoyo ya liƙe da wani baƙin kaki. Ya ce ranar da ya fara ganin aikin ya gaya musu ai wannan sana'ar ubansa ce, ƙahon ne kawai ya zama gilashi. Na ji daɗin maganar fiye da yadda na nuna masa.

To, ga inda na yi ɓarna. Wata rana ya bar ni a ɗakin aikinsa zai je karɓo kaya, ya nuna mini kwalaben da ke kan kanta ya ce akwai masu cin fata, kada in taɓa duk wadda ke da wani abu a ciki. Na ce to. Azahar ta yi, ina so in zagaya in kama ruwa, ga shi ba buta, don a zango aro nake yi. Sai na hango wata kwalba a kan tebur, mai ciki kamar gora, da ɗan hanci irin na buta da mabuɗi a jikinsa. Na duba ta ko'ina, tas take, ba komai a ciki. A garinmu ƙwaryar da ba kowa a kanta kuma ba komai a cikinta, ka yi amfani da ita ka wanke ka mayar, ba wanda zai ce maka don me. An haɗa ta da wasu bututai, sai na ce bari in fara zuba ruwa in ga ko tana yoyo kafin in kwance ta. Na ɗebo ruwa a kofin shayi daga bokiti, na kai bakin hancin, na murɗa mabuɗi.

Kwalbar ta shanye ruwan da ƙara kamar an shaƙe akuya. Na ga ruwa ya bi bututai a guje ya faɗa cikin inji. Inji ya yi tari, ya yi tari, ya tsaya.

Da Habu ya dawo bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dubi kwalba, ya dubi kofin da ke hannuna, ya zauna a ƙasa.

Na ce, "Ka ce kada in taɓa mai wani abu a ciki. Wannan ba komai."

Ya ce, "Yaya, ba koman nan shi ne aikin."

Ya yi mini bayani a hankali kamar ni ne ƙanen. Ruwa ya shiga man inji, dole a wargaza komai, a wanke, a busar, a sake haɗawa, sannan a fara zuƙa daga farko. Kafin a gama, kogi ya kawo a gida. Dokta kuma yana iya janye hutun, ko ma ya sallame shi, don shi ya shigo da baƙo ɗakin. Na tsaya ina tunanin Inna a kan tabarma tana sauraron takun duk mai shigowa, ga shi da hannuna na ƙara mata jira. Na yi wauta iri-iri a rayuwa, yawancinta saboda hannuna yana riga kaina, amma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da la'asar na je kasuwar zango na zaɓi farin goro mai kyau, aka ƙunshe mini a ganye, na ce wa Habu ya kai ni gidan Dokta. Ya ce a nan ba a yin haka, takarda ake rubutawa. Na ce ni ban san hanyar ba da haƙuri ba sai wannan.

Dokta mutumin Kumashi ne, ya yi karatu a Ingila, amma kusa da zango ya tashi, saboda haka yana jin Hausa irin ta kasuwa. Na cire takalmi, na tsuguna, na ajiye goro, na ce laifin nawa ne, ƙanena ya gargaɗe ni, kuma akwai tsohuwa makauniya tana jiransa. Fuskarsa a ɗaure take. Ya tambayi dalilin da ya sa na buɗe, na faɗa masa gaskiya har da labarin buta. Ya juya baya ya daɗe yana kallon taga, na ga kafaɗunsa na motsi, dariya yake dannewa. Da ya juyo ya tambayi sana'ata, na ce wanzanci, ya ce a nuna masa ƙaho. Na ɗora masa a dantse ba tare da tsaga ba. Ya zauna da ƙaho a maƙale yana kallonsa, ya ce a ganina me ya riƙe shi.

Na ce fankon da ke ciki ne ke ja, haka mahaifinmu ya koya mana. Ya ce ba ja ake yi daga ciki ba, dannawa ake yi daga waje. Muna zaune ne a ƙarƙashin iska kamar yadda kifi ke ƙasan tafki, nauyinta na kanmu ta ko'ina, in ka rage ta ciki sai ta waje ta danne ƙahon a kan fata. Wannan na gane, ko da yake ban ji daɗin a gyara wa mahaifina magana ba.

Sai na yi ƙarfin hali na tambaye shi: in haka ne, cikin kwalbar nan ba komai ke nan da gaske? Ya ce a ƙahona iska mai yawa ta rage, a kwalbarsu ma akwai saura, don ba injin da ke kwashewa duka. Amma ya ce abin mamakin yana gaba. Ko da za a iya kwashe iskar kaf, a hana haske shiga, a sanyaya wurin har iyakar sanyi, lissafin masana ya nuna wurin ba zai kwanta shiru ba. Akwai wata 'yar makyarkyata da ba ta ƙarewa, wani ƙarfi da ke nan ko'ina, a tsakanin taurari da cikin ɗakin da muke zaune. Na ce to me ya hana a ɗebo shi a dafa abinci ko a tura jirgin ƙasa? Ya ce ba ya ɗebuwa. Ruwa yana yi maka aiki ne in yana gangarowa daga tudu zuwa kwari, shi kuwa wannan shi ne ƙasan kwarin, ba inda zai gangara.

Na tambaya yadda aka san da abin da ba a gani kuma ba a ɗiba. Ya ce yana barin sawu a wasu gwaje-gwaje masu wuyar bayani. Kuma ba da daɗewa ba wani masani a Turai ya yi lissafi cewa in aka kusanta faranti biyu na ƙarfe masu santsi a cikin irin wannan fanko, kusancin da ya fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, za su matso juna da kansu, don motsin da ke bayansu ya fi wanda ya samu shiga tsakaninsu. Ya ce har yanzu ba a gama tabbatar da shi da awo ba. Habu ya ce kamar kwale-kwale biyu ke nan a kogi ranar iska, in sun jeru kusa sai igiyar ruwa ta waje ta yi ta tura su har su haɗu. Dokta ya ce kwatancen ya taimaka, sai dai a tuna can babu ruwa, babu kuma iska.

Ya ce, "Malam Sale, ni da nake koyar da shi, lissafin na iya. Amma in ce maka zuciyata ta kama shi, ƙarya na yi."

Wannan magana ta sa na ƙaunace shi. Ni ban gane rabin abin da ya faɗa ba, kuma kada wani ya zo yana ƙure ni a kai. Abin da na riƙe shi ne, wurin da ido ya ce babu komai, Allah bai bar shi haka nan ba.

Ya sa na cire masa ƙahon, ya shafa zoben da ya fito a fatarsa. Sannan ya buɗe ƙunshin, ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya ba ni rabi. Ya ce Habu ya wargaza inji ya wanke ya haɗa, da zarar an tayar da shi ya kama hanya, shi Dokta zai zauna da kwalbar da kansa har ta kai. Ni kuma hukuncina biyu: in zo aji in nuna wa ɗalibai ƙaho, kuma duk lokacin da na shiga ɗakin aiki hannuwana su kasance a baya.

Haka aka yi. Habu yana ɗakin aiki tun safe har yamma, ni ina gindin bishiya ina yi wa leburorin makaranta aski. Na shiga aji hannu a baya kamar ɓarawon da aka kama, na liƙa wa wani ƙaton ɗalibi ƙaho a goshi bisa roƙon abokansa, ya yini da tambari. Amma kowane hadari da ya taso daga teku, sai in hau lissafin inda kogi ya kai a gida.

Dawowa ban ga komai a hanya ba, hankalina ya riga ni isa. A Malam Madori aka ce mana ruwa ya zo. Daga Haɗejiya hanyar da na taka da ƙafa ta zama tafki, burtali da gonakin shinkafa duk sun nutse, sai kan bishiyoyi. Muka sami wani masunci ɗan ƙauyenmu ya ɗauke mu a kwale-kwale. Na kasa tambayarsa labarin Inna, Habu ma ya kasa. Sai da muka yi nisa shi da kansa ya ce jiya ya kai kifi gidanmu, tsohuwa ta yi masa faɗa wai ƙanana ya kawo. Habu ya sunkuyar da kai cikin gwiwa, ya daɗe bai ɗago ba.

Muka same ta zaune a ƙofar ɗakinta, ta rame ƙwarai. Na yi sallama ta amsa, ta ce takun mutum biyu ta ji. Habu ya durƙusa a gabanta. Ta miƙo hannu ta shafa fuskarsa, goshi da hanci da gemu. Da ta ture hularsa ta kai hannu kansa sai ta tsaya. Suma ce cunkus, an shafe ta da mai, har da tsaga a gefe irin ta akawu.

Ta ce, "Sale, kan wane ne wannan a gidan wanzamai?"

Na ce na Habu ne, Inna.

Ta ce, "Ɗauko askarka."

Ko ruwa ba mu sha ba. Na jiƙa masa kai a nan ƙofar ɗakin, na fara daga ƙeya, mata da yara sun cika tsakar gida suna dariya. Ita kuwa ta kama idon sawunsa da hannu ɗaya, ba ta saki ba har na gama. Sannan ta sake shafa kan tun daga goshi har wuya, ta ce yanzu a kawo wa Habu fura.